Kwamfutar Ofis Ta Kulle, Mai Kalmar Sirri Ya Tafi: Yadda Ake Buɗe Ta A Sabunta Ta

Wani dattijo mai kula da makarantar Islamiyya a nan Garwa ya taɓa kawo min kwamfuta a bayan babur, an naɗe ta da tsohuwar sallaya saboda ƙura. Sakataren da ya shekara da shekaru yana riƙe da ita ya koma Ngaundere, lambarsa kuma ta daina shiga. Sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawa, lissafin kuɗin wata, duk suna ciki. Ya ce min, "Ɗana, yaran unguwa sun ce a goge ta kawai a zuba sabon Windows." Na ce, "Allah gafarta Malam, in aka goge ta, har da rajistar makarantar za ta tafi." Ya yi shiru, sannan ya ce to a bi a hankali.

Bin a hankalin nan shi ne abin da zan shimfiɗa, daki-daki, yadda nake yi a shago. Amma da sharaɗi: kwamfutar ta zama taka ce, ko ta ƙungiyar da ta ba ka izini. Ni ba na taɓa wadda aka kawo ba tare da na san mai ita ba, kuma idan ta ofis ce ina neman shugaba ya rubuta min layi biyu ya sa hannu. A Kamaru akwai doka mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifukan da ake yi ta kwamfuta, kuma shiga na'urar wani ba da izini ba yana cikin abin da ta haramta.

Fara da mutane da madannai

Kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, nemi wanda ya sa kalmar. Idan lambarsa ta mutu, ta ɗan'uwansa ba ta mutu ba. Duba ƙarƙashin madannai, bayan kalanda, shafin ƙarshe na littafin rajista. Mutanenmu ba sa yarda da ƙwaƙwalwa kaɗai, yawanci sun rubuta a wani wuri.

Sai kuma abin da ya fi kowane kama mu a wannan yanki: rikicin madannan Faransanci da na Ingilishi. Kwamfutocinmu wasu ta Duwala suka shigo da madannan AZERTY, wasu ta Najeriya da QWERTY, kuma sau da yawa abin da aka zana a kan maɓalli daban, abin da Windows ke karantawa daban. A tsarin Faransanci, A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, harafin M ya matsa kusa da L, lambobin layin sama kuma ba sa fitowa sai ka danne Shift. Wanda ya sa "amina2015" a tsari ɗaya, in ya buga a ɗayan, wani abu dabam ne ke shiga, shi kuwa ɗigo-ɗigo kawai yake gani. Dubi kusurwar fuskar shiga, za ka ga FRA ko ENG idan an girka harshe fiye da ɗaya. Canza, ka sake gwadawa. Duba Caps Lock, duba Num Lock. A Windows 10 akwai ɗan hoton ido a gefen akwatin, danne shi ka ga abin da ka rubuta. Na sha karɓar kwamfutar da wannan kaɗai ne ciwonta, mai ita ya koma gida ban karɓi ko sefa ɗaya ba.

Ka kuma tantance wace ƙofa ce a kulle. Idan tun kunnawa, kafin tambarin Windows ya fito, aka nemi kalmar sirri, wannan ta BIOS ce, wato ɗan tsarin cikin allon na'urar da ke tashi kafin Windows, ba ta Windows ba. A babbar kwamfutar tebur ana iya share ta ta hanyar cire ɗan batirin da ke kan babban allon ciki na ɗan lokaci. A yawancin na hannu wannan ba ya aiki, sai a nemi kamfanin da ya ƙera ta da shaidar saye. Idan kuwa shuɗiyar fuska ce ta fito tana neman lamba mai tsawo, BitLocker ne, wato makullin Windows da ke rufe faifan ajiya gaba ɗaya, zan zo kansa.

Kwashe kaya kafin ka taɓa ƙofa

Nan ne masu gaggawa ke yin kuka. Kalmar sirrin Windows tana hana ka shiga ne kawai, ba ta ɓoye abin da ke kan faifan ajiya, sai fa in an rufe faifan da BitLocker. Saboda haka kana iya zagayawa ta baya ka kwashe komai tun ba ka warware maganar kalmar ba.

Kana buƙatar filas guda, wanda muke ce wa kile, mai girman giga 8, da wani faifan waje da zai ɗauke kayan. A wata kwamfutar mai lafiya, sauke Linux Mint, wani tsari na kyauta da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows kuma yana iya tashi daga filas, daga shafin masu shi, girmansa kusan giga 3 ne, saboda haka ka jira lokacin da datarka ke da sauƙi. Yi amfani da 'yar manhajar da ake kira Rufus ka zuba shi a filas ɗin. Ka sani duk abin da ke kan filas zai goge.

Yanzu koma kan mai kulle. Idan Windows 8, 10 ko 11 ce, je fuskar shiga, danne Shift, kana danne da shi ka zaɓi kashewa. Dalili: waɗannan ba sa mutuwa gaba ɗaya in an kashe su yadda aka saba, suna barin faifan kamar an ɗan rufe shi da niyyar dawowa, kuma Linux in ya tarar da shi haka zai bar ka ka karanta amma ba zai bar ka ka rubuta ba. Soka filas, kunna, ka yi ta buga maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP F9 ne, a Dell da yawancin Lenovo F12. Zaɓi filas, ka bar Mint ya tashi. Akwai hoton girkawa a kan fuska, kada ka taɓa shi. Buɗe faifan Windows daga jakar fayiloli, shiga jakar Users, ka kwafe ta duka zuwa faifan waje.

Kada ka tsaya a Users. Tsofaffin sakatarori suna da ɗabi'ar ajiya a gindin C kai tsaye, ko a wani ɓangaren faifan mai suna D. Manhajojin lissafi da na rajistar ɗalibai kuma sukan ɓoye bayanansu a jakar kansu cikin Program Files ko ProgramData. Idan faifan waje yana da isasshen fili, ni kwafe faifan duka nake yi. Bayan ka gama, kai faifan wajen wata kwamfutar ka buɗe fayil biyar ko goma ka tabbata suna buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko kwafi ba ne.

Idan kana kwafewa ka ji faifan yana ƙas-ƙas, ko aikin yana tsayawa yana tafiya, faifan ya kusa cikawa da imani. Bar hotuna da bidiyo, fara da takardun da ba za a iya sake samunsu ba.

Wanda ya tarar Mint ya ce faifan a rufe yake, ko shuɗiyar fuskar nan ta tare shi, to BitLocker ne, kuma mabuɗinsa lamba ce mai alƙaluma 48. Yawanci tana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar, ko a takardar da aka buga lokacin. Ba tare da ita ba babu mai gyaran da zai fito maka da kayan, duk wanda ya ce zai iya kuɗinka yake so. Kuma ka kiyaye: a na'ura mai BitLocker, canza saitin BIOS, musamman kashe saitin tsaron da ake kira Secure Boot, yana iya jawo neman wannan lambar ko da da can ba ta nema.

Buɗe ƙofar

Dubi abin da ke ƙarƙashin sunan mai asusu a fuskar shiga. Idan akwai adireshin imel, asusun Microsoft ne, kalmar tana wajensu, ba a cikin kwamfutar kaɗai ba. Daga waya ka shiga account.live.com/password/reset, za su aika lamba zuwa wayar ko imel ɗin da aka yi rajista da shi. Nan ne tsohon layin waya ke zama zinariya. Idan layin ya ɓata, wanda aka yi rajistarsa da katin shaidarsa shi ne zai je ofishin kamfanin waya a sake fitar masa da shi, in dai ba a riga an ba wani lambar ba. Bayan an canza kalmar, sai ka haɗa kwamfutar da intanet daga fuskar shiga, in ba haka ba tsohuwar za ta ci gaba da nema.

Idan asusun cikin gida ne, akwai hanyoyi masu sauƙi kafin mai wuya. Tun daga Windows 10 na shekarar 2018 ana sa tambayoyin tsaro guda uku lokacin buɗe asusu, irin su garin haihuwa ko sunan makarantar farko. Buga kalmar da ba daidai ba sau ɗaya, zaɓin sake saiti zai fito, wanda ya san tsohon sakataren sosai yana iya amsawa. Sannan duba ko akwai wani asusun mai ikon shugabanci da wani ke da kalmarsa. In akwai, shiga da shi, buɗe baƙar tagar umarni, wato Command Prompt, da ikon shugaba, rubuta net user ka ga sunayen da ke ciki, sannan net user da sunan asusun da alamar tauraro. Zai nemi sabuwar kalma sau biyu. A Windows na Faransanci babban asusun sunansa Administrateur. A tsofaffin XP yakan zauna ba kalma, ana samunsa ta shiga da F8.

In duk sun ƙi, sai a koma kan filas ɗin Mint. Haɗa shi da intanet, ko da daga wayarka ne, buɗe tagar umarni ka rubuta:

sudo apt install chntpw

Shiga faifan Windows, bi Windows, System32, config. A nan akwai fayil mai suna SAM, shi ne littafin da ke riƙe da asusai. Kwafe shi gefe tukuna, ka ajiye. Buɗe tagar umarni a cikin wannan jakar ka rubuta:

sudo chntpw -i SAM

Zaɓi 1 domin gyaran asusu, zai jera sunaye kowanne da lambarsa. Shigar da lambar wanda kake so, sake zaɓar 1 domin share kalmar. Idan asusun a daskare yake saboda yawan gwaji, zaɓi na 2 yana sake shi. Fita da q, in ya tambaye ka ko ya rubuta canjin ka ce y. Kashe, cire filas, kunna. Asusun zai buɗe ba kalma.

Wannan hanyar tana da farashi, kuma ya kamata ka faɗa wa mai kaya tun kafin ka yi. Kalmomin sirrin da Chrome ko Edge suka adana, na imel da na Facebook da sauransu, Windows yana ɗaure su ne da tsohuwar kalmar shiga. Da zarar an share ta da ƙarfi, sun tafi. Haka fayilolin da aka rufe ɗaya-ɗaya da tsarin EFS, waɗanda a Windows 7 sunansu ke fitowa da koren rubutu. Shi ya sa na ce a fara da neman mutum. Kalmar da aka tuno ta fi wadda aka fasa.

Da ka shiga, sa sabuwar kalma nan take, ka buɗe asusun shugaba na biyu, sannan ka yi wa mai aikin yau da kullum asusu marar iko.

Agogo, ƙura da wuta

Kafin maganar sabuntawa, dubi kwanan wata a kusurwar fuska. Kwamfutar da ta daɗe a ajiye takan farka tana cewa muna 2009. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ya mutu. Muddin kwanan wata ba daidai ba ne, shafukan intanet za su yi ta ƙin buɗuwa suna kukan takardar shaida, sabuntawa ma ba za ta sauka ba, kai kuma ka yi ta zargin kamfanin data. Masu gyaran agogo a kasuwa suna da batirin.

Buɗe murfin ka hure ƙurar hunturu daga fanka. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, na'ura mai toshewar fanka takan kashe kanta ana tsakiyar aiki. Ni da sassafe ko bayan isha'i nake girka Windows a wannan lokacin. Wuta kuma kowa ya san halinta idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya barin kwamfuta ba ta tashi ba ta kwanta ba. Ka samu na'urar riƙe wuta, ko sola mai batir, ko ka kai ta inda janareta ke aiki. In ta hannu ce kuma batirinta ya mutu, ɗauke ta tamkar ta tebur.

Me ke ciki, ina kuma za ta iya kaiwa

Danna maɓallin Windows da R, rubuta winver, za ka ga wanda kake da shi. Rubuta msinfo32 ka ga injinta da yawan ƙwaƙwalwarta. Microsoft ya daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Daina kulawa ba ya nufin za ta daina kunnuwa. Yana nufin duk ramin da aka gano bayan ranar, wato ɓarakar da mugaye ke shiga ta cikinta, ba mai toshe shi. Abin da ya faru a Mayun 2017 ya isa misali: ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta rufe kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta wani rami da Microsoft ya riga ya fitar da maganinsa tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci.

Idan injin Intel ne daga tsara ta 8 zuwa sama, da ƙwaƙwalwa giga 4 ko fiye, da faifai giga 64 ko fiye, da TPM 2.0, wato ɗan ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar, to Windows 11 ce hanyarka. Rubuta tpm.msc ka duba. Wani lokaci TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake cikin BIOS. Giga 4 ɗin nan a takarda ne, a aikace sai 8 take numfashi.

Akasarin waɗanda ake kawo min ba su kai nan ba. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗan a cusa 11 a tsohuwar na'ura, kuma suna aiki, amma ba na yi wa kwamfutar da ofis ya dogara da ita, domin Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da sabuntawa ba. Ka kuma sani cewa ƙofar hawa kyauta daga Windows 7 zuwa 10 an rufe ta tun Satumban 2023. Windows ɗin sata da ake zubawa da 'yar manhajar "kunnawa" kuwa, ita ce babbar hanyar da ƙwayoyi ke shiga kwamfutocinmu, tunda sai an kashe mai gadi, wato manhajar kariya daga ƙwayoyi, kafin a girka ta.

Ga tsohuwar na'ura da aikinta rubuta wasiƙa ne, da lissafi a jadawali, da buga takarda, ni Linux Mint nake ba da shawara, samfurin Xfce mai sauƙin nauyi. Filas ɗin da ka yi aiki da shi tun farko shi ne zai girka. Jerin Mint 22 yana samun sabuntawa har 2029, yana zuwa da Faransanci, kuma LibreOffice da ke cikinsa yana buɗe fayilolin Word da Excel. Ba ya rasa aibi: takarda mai ado da yawa takan ɗan karkace, kuma sai ka gwada firintar ofis tun daga filas kafin ka girka. Sakatare zai yi gunaguni mako guda. Ƙwayar nan da ke mayar da jakunkunan filas gajerun hanyoyi, wadda ake kwasowa a shagunan buga takardu, ba ta cin Mint, wannan kaɗai yakan sa su haƙura.

Saura kwamfutar da ke ɗauke da wata tsohuwar manhajar lissafi ko ta rajista da ba ta tashi sai a Windows 7, wanda ya rubuta ta kuma ba a san inda yake ba. Wannan kada ka goge ta. Raba ta da intanet gaba ɗaya, ka ware mata filas ɗaya da ba ya yawo, a sami wata na'urar domin imel. Idan dole sai ta karɓi ragowar sabuntawarta na ƙarshe, tana buƙatar Service Pack 1, sannan sabuntawa biyu masu lamba KB4490628 da KB4474419, in ba su ba sauran ba za su shiga ba. Chrome ya tsaya a lamba 109 a kanta, Firefox a 115.

Girkawar kanta

Kafin ka goge komai, rubuta sunan kowace manhaja da ake amfani da ita, ka nemo lambar lasisinta. Na'urorin zamanin Windows 7 suna da takardar lasisi manne a jiki ko ƙarƙashin batir, ɗauki hotonta. Daga Windows 8 zuwa sama lambar tana cikin allon na'urar, tana shiga da kanta. Sauke direban katin intanet, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ka ajiye a filas, domin ba abin da ya kai sabuwar Windows marar hanyar shiga intanet ban haushi.

In da hali, sayi faifan SSD, irin mai sauri marar juyawa, ka girka a kansa, ka cire tsohon ka ajiye a aljihun tebur yadda yake. Riba biyu ce: na'urar za ta yi sauri fiye da yadda ƙarin ƙwaƙwalwa zai sa ta, kuma in bayan wata biyu aka tuna da wani fayil da ba a kwafa ba, yana nan. Ta Malam haka na yi mata, kuma sai da aka koma tsohon faifan neman hatimin makaranta da ke kan takardun shaida.

Wajen girkawa, zaɓi tsarin madannan da ya dace da abin da ke zane a kan maɓallan, kada a koma gidan jiya. Bayan ta tashi, bar ta ta sabunta, ta sake kunnuwa, ka sake dubawa, har sai ta ce babu saura. Yakan ɗauki zagaye uku ko huɗu. Idan da datar waya kake aiki, bayan an gama ka sa haɗin a matsayin mai iyaka, abin da Windows na Faransanci ke kira Connexion limitée, don kada ta shanye kuɗin wata a dare ɗaya. Kayan da ka kwafe kuma a bincike su da mai gadi kafin a mayar, takardu kawai za a mayar, ba tsofaffin manhajoji ba.

Daga nan sai takarda da biro. Rubuta kalmar asusun shugaba, da ta imel ɗin ofis, da lambar BitLocker in akwai, da lambar wayar da aka ɗaura asusun a kanta. Layin ya zama na ƙungiya, a riƙa sa masa kuɗi lokaci-lokaci don kada a rufe shi. Kwafi biyu, kowanne a ambulan da aka liƙe, ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen ma'aji. Sannan ka kashe kwamfutar, ka kira wanda zai riƙa aiki da ita ya kunna da hannunsa, ya shiga, ya buɗe rajistar bara, ya buga shafi ɗaya a firinta kana tsaye.